Zuwa Badarawa Duba Wuyan Hauwa

Kaura Namoda

Ana idar da sallar Asuba na kama hanyar tasha. Jiya da La'asar aka aiko mini cewa wuyan 'yata Hauwa, wadda ke hutu wajen Inna a Badarawa, ya yi bororo kamar wuta ta taɓa ta. A shekarar nan aka soma Shari'a, aka ware wa mata motocinsu, don haka sai da muka jira ta cika.

Hanyar Shinkafi

Tayarmu ta yi faci kusa da wata ruga. Muna tsaye na ga buzuzu, baƙi wuluk, dunƙulalle, yana tura kashin shanu da ƙafafun baya. Wata tsohuwa da muka zauna kujera ɗaya ta ji labarin Hauwa, ta nuna buzuzun da baki.

"Wanga bai cuta, ɗiyata, taki yaka binnewa. Ki tambayi ko gero ya yi bununi can, ya hidda hure."

A Shinkafi na sha fura, na hau akori-kura.

Badarawa

Hauwa ta rugo ta rungume ni, wuyanta da ƙuraje masu ruwa, amma babu zazzaɓi. Inna ta ce ƙwaro ta murje a wuya tana zaune gindin fitila.

Da na tambayi batun gero, Yaya Sani ya kai ni gona. Ga su nan jingim a kan zangarniya: hangara, ƙwari dogaye, sirara, masu laushin fiffike, suna cin furen gero. Buzuzu na ƙasa, shi kaɗai. Su kuwa sama suke, a garke, ruwan jikinsu ke ƙona fata.

"In sun ƙara kwana, ba mu kai komi rumbu," in ji Yaya.

Da yamma maƙwabta suka taru, aka hura wuta da ɗanyen ganye gefen gona. Hayaƙi ya bi zangarniya, suka riƙa tashi. Washegari kaɗan muka tarar.

Komawa

Ƙurajen sun soma bushewa. A tashar Shinkafi na ji wani abu yana karce a cikin jakar Hauwa. Buzuzu ne a gwangwanin madara.

"Umma, shi ai ba ya ƙuna."

Na sa ta sake shi a bayan garken shanu. Muka iso Kaura kafin Magariba. Godiya ga Allah, da tsohuwar da ban ko tambayi sunanta ba.