Mai Hoto a Fangalin Albasa

Tun hantsi Malam Bube ke kallon baƙon nan a fadamar Taloka. Dogo ne siriri, da wando mai aljihu barkatai, bakin kyamararsa kamar guntun taɓarya. Bai yi wa kowa sallama ba. Tsuntsayen ruwa da sanyi ke korowa daga nesa sun rufe bakin tafki, ya kafe su da ido, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Wataƙila a garinsu a faranti kawai yake ganin albasa.

Sai ga tsuntsayen sun tashi baki ɗaya. Baƙon na ja da baya don ya kama su duka a hoto, takalminsa na nutsewa cikin dashen da Bube ya yi wata yana raino. Layi ɗaya ya kwanta, na biyu ya bi. Bube ya yunƙura.

"Baba, kar ka motsa, za su sake sauka!"

Bube ya nuna wa baƙon albasar da ta kwanta cikin laka.

"Ɗana, mi za ya same su? Su suna da fiffike. Wagga da kaka tattakewa ba ta da shi."