Taguwar da Magagi Ya Saƙa wa Kumandan

Magagi, masaƙin Filinge ta ƙasar Kurfai, yakan ce Allah ya ba shi hannu mai kyau amma bai haɗa masa da kai ba. In ka yi gardama, sai ya ba ka labarin taguwa.

Shekarar da Nasara suka tashi gina bariki, kowane gida sai da ya ba da namiji don aikin dole. Magagi, da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙoshiyar saƙa nauyi ba, ya wayi gari da tubali a ka. Kwana ashirin hannunsa ya tsattsage, har zare na maƙalewa a yatsunsa. Ya tabbata in aka daɗe a haka, shi da saƙa sai kallo.

Tahiru tafinta ne ya tsegunta masa cewa duk wanda sana'arsa ta burge kumandan, wato Baturen da ke mulkin ƙasar, akan raba shi da ɗauka. Da ruwan shuka ya sauka aka sallami mutane wata guda, kowa ya nufi gona, Magagi ya nufi masaƙa. Ya lura babu abin da Bature ke so kamar bangonsa, kullum da safe sai ya tsaya yana shafa shi kamar doki. To, bangon zai saƙa masa.

Ya ninka abawa, zaren nan mai kauri, sau uku ta yi tudu kamar tubali, ya bi tsakani da siririn zare. Wajen haɗa ƙyallayen, kowane ɗaya ya gusar da shi rabin tubali, don kada gaɓa ta hau kan gaɓa, yadda ya gani a gini. Ya bar 'yan ramuka a ƙirji, wai tagogi. Gaban kuwa ya bar shi a buɗe, tunda gini ba ƙofa kabari ne.

Matarsa Dijatu ta ɗaga ta da hannu biyu ta ce, “Maigida, wagga riga ce ko rumbu? In rumbu ne, yi mata jinka mu zuba hatsi.”

Ya ce da ita mata ba su san gini ba.

Da aka koma aiki ya kai wa kumandan. Kumandan ya sa taguwar, ya bi layukan da yatsa, ya yi doguwar magana. Magagi har ya fara jin tausayin waɗanda zai bari da tubali. Tahiru ya haɗiye dariya ya fassara: wai duk ƙasar Kurfai ba wanda ya gane yadda ake jera tubali sai shi. Daga yau ya bar ɗauka, shi zai riƙa jerawa, har a gama bariki, da bargar dawaki, da gidan yari.

Shekara uku ya yi. Da ya koma masaƙa, yatsun sun yi kanta, sai gwado mai kauri suke iyawa. In yana wucewa ta bariki da baƙo, yakan nuna gidan yarin ya ce, “Ka ga wancan? Duba gaɓoɓin da kyau. Ko ɗaya ba ta hau 'yar'uwarta ba.”