Kifin Kumandan

Har yau in na ga giwan ruwa a tiren mai kifi sai in kau da kai. Ba na cin sa, kuma ba na son mai cin sa ya matso ni.

Akwai wani tabki a gabas da Dakoro wanda ke ƙafewa duk rani. Idan laka ta bushe ta tsage, ni da innata mukan ɗauki hauya mu je haƙar gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin ƙasa ya yi barci har ruwa ya dawo. Mummuna ce, maza ma ƙyamarta suke yi. Amma mu ba mu da namiji a gida, gonarmu kuma ba ta kai mu damina. Gaiwar da muke ƙyafewa ita ke riƙe mu idan rumbu ya zama fanko.

Sai aka kawo mana wani kumandan, Bature mai jan wuya, wanda kewar kogin garinsu ta hana shi sakat. Tafintansa ya ce wai can yakan kama wani kifi mai jan nama da ke hawan ruwa daga teku. Da ya rasa irinsa, sai ya ce a kawo masa kowane babba. Gardawa, dogaran kumandan, suka tattaro maza aikin dole, aka zurfafa tabkin don ya riƙe ruwa, aka zo da ƴaƴan giwan ruwa cikin tano, gangunan ƙarfen nan, a bayan babbar motar kamiyo. Manyan gari suka yi ta tafi kamar an haifa musu ɗa. Na tsane su a ranar fiye da shi kansa.

Kifin nan ba abin da ya bari. Ya cinye ƙananan kifaye, ya cinye ƴaƴan kwaɗi har aka daina jin kukansu da damina, sauro kuwa ya samu gari. Shi kumandan yana kan kujera da sandar fatsarsa, in ya kama ɗaya a ɗauke shi hoto. Inna takan tsaya daga nesa ta ce, “Wanga abu mi shika ci in ba ɗiyan gaiwammu ba?”

Bai daɗe ba aka canza masa gari, ya tafi abinsa. Shekarar da ruwan sama ya gaza, tabkin ya ƙafe ƙaf duk da zurfinsa. Kifayen nasa ba su iya barci a laka ba, suka ruɓe a fili, wari har kasuwa.

Muka ɗauki hauya muka shiga. Tun daga wannan gaɓa har waccan muka haƙe, tafin hannun inna ya fashe, ko gaiwa ɗaya ba mu samu ba. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba, da idona na ga ta durƙusa gaban mai kula da dawakin sabon kumandan, tana roƙon ya bar mata dussar da suka rage.