Kaset ɗin da Garzali Direba Ya Aika Gida

A cikin 'yan gida da ke zaune a unguwar Mu'aither ta birnin Doha a shekarar 2003, babu wanda bai san Garzali direba ba, kuma har yau in aka ambaci sunansa maganar kaset ce ke fara zuwa baki. A lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyuka ba. In mutum yana son uwarsa ta ji muryarsa, sai ya sayi kaset fanko, ya rufe ɗaki, ya danna rikoda, ya gaida kowa da sunansa tun daga mai unguwa har jaririn da aka haifa da damina, sannan ya damƙa wa wanda zai tafi hutu. Garzali ya yi nasa, ya cika gefe biyu har da tari. Ya kai Haliru maigadi filin jirgi, ya zaro kaset daga akwatin gaban mota ya miƙa masa, suka yi sallama.

Washegari da safe ya ɗauko maigidansa za su wurin aiki. Maigidan ya ce a sa darasin jiya. Garzali ya tura kaset, sai ga muryarsa ta cika mota: "Salamu alaikum Inna, ina gaisuwa, ina Ladi, ina yara, yaya akuyar nan mai tari." Ya taka birki a tsakiyar titi har na bayansa ya kusa hawa kansa. Gaisuwar tana Doha. Abin da ke cikin jakar Haliru a sararin sama darasin jiya ne.

Maigidan nan, Injiniya Fagal, Bature ne ɗan ƙasar Ailan, dattijo mai jan fuska, yana aiki da wani kamfanin gine-gine. Mu dai a saninmu Bature Turanci yake yi, shi ke nan. Garzali ne ya fara kawo mana labarin cewa su ma suna da yare, muka ƙaryata shi. Ashe gaskiya ne. Kakar Fagal da yaren Ailan ta rayu, ubansa ya yar da shi, shi kuma an koya musu a makaranta bai kula ba. Sai da ya ba hamsin baya abin ya dame shi, ya sayo littattafai da kaset-kaset, ya mai da motarsa aji. Da yake darasin tambaya da amsa ne, kuma babu kowa a motar sai direba, Garzali ya zama mai amsawa. Suna yi suna ɗauka a kaset don su ji kuskurensu. Cikin wata takwas direba ya wuce maigida. Mutum ne mai kunne. Ya yi tuƙi a Legas ya kwaso Yarabanci, ya zo Doha ya kwashe Larabcin kasuwa, har da 'yar Indiyancin da ake sayen albasa da ita.

Abin da ya faru a gida daga bakin Haliru muka ji, bayan sati biyar. Shi mutumin Birnin Kudu ne, ƙauyen su Garzali kuwa yana can bayan Warji, don haka da ƙafarsa ya kai saƙon. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, aka sa wa rikoda sabon batir, aka ba baƙo fura. Inna Hadijatu, mahaifiyar Garzali, ta zauna a gaba. Aka danna. Muryar Bature ta fito, wani ya ce ai gidan rediyo aka kamo. Sai muryar Garzali ta amsa, radau, cikin wani abu da kunnen ƙauyen bai taɓa ji ba.

Ladi ƙanwarsa ta fashe da kuka. Liman ya matso da kunnensa, ya ce wannan dai ba Larabci ba ne. Aka aika a kira hedimasta, ya saurara, ya cire tabarau, ya ce ba Turanci ba ne. Mai kawo nono ta ce kada ma a dube ta. Wani tsoho ya ce dama an gaya masa teku ne ya kewaye ƙasar, kuma kowa ya san su waye ke zaune a cikin teku. Haliru ya ce sai da aka fara shawarar malamin da za a kai wa maganar sannan ya samu aka saurare shi. Ya yi bayani: yaren kakannin maigidan Garzali ne, ya ɓace masa, yana nema, Garzali na taya shi.

Inna Hadijatu ta ɗago kai.

"Yaren kakanninsa ne?"

"Eh, Inna."

"Kuma ɗana ne ke taya shi nema."

"Shi ne."

"Ya iya?"

"An ce ya ma fi Baturen."

Haliru ya ce da ya san inda tambayar ta nufa da ya rage wa Garzali maki. Tsohuwa ta sa aka sayo mata kaset fanko, ta kori kowa daga ɗaki, ta ja ƙofa.

Ranar Juma'ar da Haliru ya dawo muka taru a ɗakin Garzali. Al'adarmu ce, kaset ɗin gida na kowa ne, ko ba uwarka ba ce ka ji kukan zakara a bayan maganar ka ji daɗi. Mun zo da shirin dariya. Aka danna, muryar tsohuwa ta fito a nitse, ba sallama irin wadda muka sani, ba Hausa ko ɗaya. Muka jira ta gama wasa ta dawo hanya. Gefen farko ya ƙare, aka juya, haka. Sai a ƙarshe ta yi magana ɗaya da Hausa: "In ka ji, ka ba ni amsa."

Muka dubi Garzali. Na ce, "To, fassara mana."

Ya ce, "Warjanci ne."

"Mun ji. Me ta ce?"

"Na ji sunana. Na kuma ji kamar ta ce ruwa."

Shekara huɗu muna kiransa Bakano, yana amsawa. A ranar muka san yana da shekara shida ubansa ya rasu, baffansa makanike ya ɗauke shi riƙo zuwa Kano, kuma tun daga nan ko ya je gida da Hausa uwarsa ke masa magana. Mutumin da ke ciniki da harshe biyar, yana da shekara arba'in da ɗaya, ya zauna a gaban muryar uwarsa kamar kurma.

Ya tsare Haliru. Faɗa take yi? Baki ta yi masa? Wasiyya ce? Haliru ya ce ya tambaye ta, ta ce ba da shi take ba. Garzali ya aika kaset na ban haƙuri da Hausa, ya sake aika wani. Amsa ta zo a bakin Ladi: Inna lafiyarta ƙalau, ta ci tuwo, ta ce tana jira. Muryarta kuwa ba ta sake zuwa ba. Hutunsa sai bayan shekara uku, ita kuma ta haura saba'in. Ya rame har kakinsa ya yi masa yawa.

Da ya gaya wa Fagal, Baturen ya sa aka tsaya a gefen titi, ya saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, bai ji ko kalma ba, yana share ido. Abu na farko da ya yi, ya sa aka kwafe shi gida uku don kada na asali ya tsinke. Na biyu, ya ce daga yau mota ta rabu: tafiya yaren Ailan, dawowa Warjanci. Saura malami.

Wata huɗu Garzali yana cigiya, masallaci-masallaci, har aka kwatanta masa wani Tanko da ke kiwon awaki a wata gona a Umm Salal. Muka raka shi mu uku har da Haliru, don mu ma abin ya tsaya mana a rai. Tanko ya yi murna ƙwarai, ya ce shekara uku ke nan da awaki kawai yake yarensa. Ya ce a kawo, yanzu zai fassara. Aka danna. Bai kai minti ɗaya ba ya sa yatsa ya kashe.

"Malam Garzali, ba zan iya ba."

"Ba ka ji ba ne?"

"Na ji sarai. Abin da ta fara faɗa ke nan: duk Bawarjen da ya fassara maka wannan, ita da shi. Ni ma ina da uwa."

Haliru ya ce, "Haba Tanko, daga nan zuwa can wa zai gaya mata?"

Tanko ya ce, "Kai."

Ba mu yi musu ba, mun san Haliru.

Amma ba ta hana koyarwa ba. Duk Juma'a bayan masallaci Garzali na Umm Salal, tsugune a gindin akuya, Tanko na tatsa yana nuna abu yana faɗin sunansa. Ya ɗauko dabarar Fagal, ya ɗauka a kaset, ya maimaita, ya sa biro ya mayar da zaren baya. Ranar aiki da yamma, mutanen da ke tsaye a danja suna ganin Bature da direbansa suna ƙirga awaki da wani yare, kowa na gyara wa ɗan'uwansa abin da shi ma bai iya ba. Yaren Ailan ɗin Garzali ya ja baya, Fagal ya wuce shi, kuma bai ɓoye farin cikinsa ba.

Kaset ɗin ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Farko sunayen kakanninsa ne, bakwai a jere, da dutsen da garinsu yake kafin a sauko. Sai labarin ubansa, wanda ashe maƙeri ne mai waƙa a bakin zuga, har ta rera biyu. Sannan wani wuri mai zafi na minti goma, inda muryarta ke rawa. Garzali ya tabbata nan wasiyyar take. Wata uku ya yi a kansa, ya fito da cewa akuyar maƙwabciya ce ta cinye mata wake, kuma takalmin da ya aiko bara ya matse ta.

Gefe na biyu ne bai kawo mana da dariya ba. Ya shigo ɗaki wata Juma'a ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce ranar da za a tafi da shi Kano, ita da bakinta ta ja kunnensa: kada ya yi yaren nan a can, za a yi masa dariya. Shi bai tuna ba. Ta ce a cikin 'ya'yanta babu mai jin magana kamarsa, kuma abin da ya cuce ta ke nan. Ta ce shekara talatin da biyar tana gaisawa da ɗanta kamar baƙo, tana ce masa lafiya lau, don a Hausa iyakar abin da zuciyarta ta iya faɗa ke nan. Akwai saura, amma ya ce wannan nasa ne, muka bar masa.

A ƙarshen 2005 ya ɗauki amsa. Minti goma sha ɗaya ce, ta ci masa Juma'a huɗu, Tanko na gefe yana toshe baki. Haliru ne ya sake kaiwa. Kaset ɗin da ya dawo da shi dariya ce a farkonsa, doguwa, har tana tari. Garzali ya fassara mana da kansa: ta ce yana magana kamar ɗan shekara uku da aka haifa a Fagge, amma ta ji. Daga nan ta cika gefe biyu. Tun lokacin duk matafiyi da kaset biyu yake dawowa, har Garzali ya fara ƙorafin cewa ba a gaya masa uwarsa na da surutu haka ba.

Wata Juma'a da la'asar muna shan shayi a Souq Waqif, ana ta gyaran kasuwar a lokacin, Haliru ya dube shi ya ce, "Ɗan Ailan, kai dai ka ba ni mamaki. Shekara biyu kana tsugune a gindin akuya saboda ka kasa duba abin da ka miƙa min. Ka sa ƙanwarka kuka, ka sa an kira hedimasta, an kusa haɗa ka da mutanen teku."

Garzali ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi.

"Haliru, shekara ashirin ina aika mata kaset ɗin da ya dace, tana ce min lafiya lau. Da na ba ka na daidai a ranar nan, da har ta mutu lafiya lau ɗin zan ta ji."