Kiran da Hanan ta amsa a Dubai

"Na'am!"

Haka Hanan, 'yata mai shekara biyar, ta faɗa da ƙarfi, muna tsaye a wata sabuwar unguwa a Dubai da rana tsaka.

Hutu muka je daga Kuala Lumpur. Babanta ya shiga masallaci, mu kuma muka raɓe a inuwar wani dogon bene na gilashi. Titi fes, amma ba mutum, ba mota, ko tsuntsu babu. Sai zafi.

Na juya na kalle ta, don yarinyar nan a Malesiya aka haife ta. Ko ni na kira ta, da Turanci take amsawa. Ban taɓa jin na'am a bakinta ba.

Na ce, "Ke, wa ya kira ki?"

Ta nuna bayan ginin, inda kwalta ta ƙare, yashi ya soma. Da Hausa tsaf ta ce, "Wata tsohuwa ce. Ta ce in zo, ke ki jira."

Na damƙe hannunta ina ta karanta ayatul kursiyyu. Mu tun muna yara ake hana mu amsa kiran da ba mu ga mai shi ba. Ita kuwa wa zai gaya mata?

Mun dawo unguwarmu Danau Kota, a Kuala Lumpur, lafiya. Amma jiya da azahar, ana tsuga ruwa, na jiyo ta ita kaɗai a ɗaki tana cewa, "Na'am. Mama ce ta hana."

Iyaye, don Allah, me ake yi wa yaro idan ya riga ya amsa?