Tuwon da Bilya Ya Ci a Ngong

Ƙanena Bilya yana ɗan shekara goma sha bakwai aka gano yana da ciwon sukari, irin wanda sai da allura kullum. Da mun ɗauka ciwon alhazai ne masu tumbi, sai ga shi a jikin yaro siriri kamar kara. Yanzu ya kai ashirin da bakwai, yana gyaran waya a babbar kasuwar Garoua, kuma ya san kan ciwon nan fiye da yadda ya san kan waya. Maganin allurarsa yana cikin ɗan tulu da jiƙaƙƙen yashi, don wutar lantarkinmu ba ta da alkawari. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ya yi allura, abinci ya biyo baya nan take, in ba haka ba sukarin jikinsa ya sauka ya kayar da shi. Shi ya sa aljihunsa ba ya rabo da sukari mai ƙwaya.

Abin da ya gagare shi shi ne gaya wa mahaifin Kaltouma, yarinyar da yake nema. Ita ta sani tun farko. Amma babanta, Malam Oumar, Bafulatani ne mai shanu a garin Ngong, kuma Bilya ya sa a ransa in tsohon ya ji, zai hana shi auren. Na yi faɗan har na gaji, ya ce in bari sai an ɗaura.

Ranar da ya je gaisuwa, abokinsa Fabrice, wanda ya san da ciwon, shi ya kai shi a babur. Bayan azahar aka shigo da tuwon dawa da miyar yakuwa zaure. Bilya ya san al'ada: ba a ci a gaban suruki, don haka mai gida kan tashi ya ba baƙo wuri. Sai ya zaga kamar zai kama ruwa, ya yi allurarsa, ya dawo.

Ya tarar Malam Oumar ya ƙara gyara zama. Yaron ya shiga ransa, har ya ɗauko wata wayarsa da ta ƙi caji ya ce a duba masa. Ya ce su ci abinci, Bilya ya sunkuyar da kai ya ce a ƙoshe yake. Tsohon ya ji daɗin wannan ladabi. Fabrice kuwa, da ba shi da suruki a gidan, ya naɗe hannun riga ya hau tuwo.

Hira ta yi nisa, gumi ya fara keto wa Bilya, wayar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma. Ga sukari a aljihu, amma kunyar da ta hana tuwo ita ta hana sukarin. Da Fabrice ya ga maganar Bilya ta fara harhaɗewa, ya zura hannu a aljihunsa, ya cusa masa ƙwaya huɗu a baki, ya juya ya zayyana wa tsohon komai da Fulatanci.

Malam Oumar ya jira Bilya ya dawo hayyacinsa. Ya tambayi shekarun ciwon, ya tambaya ko Kaltouma ta sani. Bilya ya amsa kansa a ƙasa, ya riga ya cire rai.

"Ciwo na Allah ne," in ji tsohon. "Amma ka zauna ka mutu a zaurena don kana jin kunyata?"

Ya wanke hannu, ya jawo kwanon tsakaninsu, ya gutsuri loma. "Ci, ɗana. Ba zan haɗiye ba sai ka haɗiye."

Bilya ya ce da hawaye ya ci tuwon nan. Da ya ba ni labari na zage shi tas, sannan na shiga ɗaki na yi kukana.

Shekara biyu ke nan da aurensu. Har yau in ya je Ngong kwano ɗaya ake ajiye musu, kuma tsohon ba ya sa hannu sai ya ga Bilya ya kai loma baki.