Ƙwallayen Yumɓun da Aka Ce Sammu Ne

Ku matso ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana aka yi ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya tafasa.

Ni maginiyar tukwane ce a Mairuwa. Lokacin da kuɗin fetur suka cika ƙasa, gwamnati ta yi ta gina makarantu, ga bango ga kwano, ciki wayam. Aka tura ɗana na fari Faskari ya koyar da kimiyyar sinadarai. Wata Juma'a ya zo ya ce yara sun kasa gane darasi, don a allo komai kwance yake.

"Inna, cura mini ƙwallayen yumɓu, manya da ƙanana."

"Duk bokon naka a laka ya ƙare?"

Ya yi dariya. Ya ce ruwa da iska duk ƙwayoyi ne da ido bai gani, kowace da siffarta. Wata hannu huɗu gare ta, kowane hannu na gudun ɗan'uwansa, shi ya sa uku ke tokare ƙasa kamar duwatsun murhu, ɗaya ya miƙe sama. Na ce duka huɗun tsawo ɗaya? Ya ce ƙwarai, asalinsu iri biyu ne, amma in na haɗa gero mudu ɗaya da dawa uku na niƙa, na cura dunƙule huɗu, wa zai nuna na gero? Ta ruwa kuwa a lanƙwashe take kamar gwiwa, don hannuwa biyu ba su riƙe komai, sai danne sauran.

Na cura. Manya na shafe su da baƙin tukunya, ƙanana da farar ƙasar Kankara, na haɗa su da ƙayar aduwa, na shanya a gindin rumbu.

Maƙwabciyata ta shigo ɗibar wuta, ta gani, ta fita ba sallama. To ni a gidan Maguzawa aka haife ni, can wajen Sabuwa. Tun kafin aure nake salla, da maƙwabciyar nan muke zuwa Idi, amma ranar nan aka tuna da gidan ubana. Ran kasuwar Yankara na wuni a rana, ba wanda ya ƙwanƙwasa tukunyata. Wata ta ce, "Wa zai ci tuwo a tukunyar mai soke mutane da ƙaya?"

Na dawo na tarar da yayan marigayi mijina a tsakar gida, riƙe da taɓarya.

"Wannan baƙar ni ne ko? Shi ya sa ƙafata ta ƙi sauka!"

"Alhaji, kayan makarantar ɗanka ne. Ƙafarka kuwa tun kan a haife shi take kumburi."

Ya daka su duka a gabana. Ɗana ya zo ya yi bayani har muryarsa ta dushe, aka ce ai ɗa dole ya rufa wa uwarsa asiri.

Ban yi kuka ba. Na sake kwaɓa yumɓu, na cura waɗanda suka fi na da girma. Da suka bushe na jera su a faifai, na ɗora a ka da rana tsaka, na ratsa ta ƙofar masallaci har tashar motar Faskari. Ban rufe su da komai ba. Mai son kallo ya kalla.

Kasuwa ba ta dawo ba. Na bar Yankara, na koma kai tukwanena Kankara, inda ba wanda ya san gidan ubana.

Alhaji ya rasu da ƙafarsa a kumbure, bai ce in yafe ba. Maƙwabciyar ta tsufa, jikarta ta yi karatu a ajin ɗana, da ƙwallayen nan aka koya mata, yanzu tana ba da magani a asibiti. Ɗana ya ajiye aiki, ƙwallayen na makarantar, an sake musu ƙaya. Ni kuwa ga ni. Har yau matar nan tana aiko a ɗebo mata wuta, ina ba ta, amma a bakin zaure.